Wa'adin Ƙarfe Ɗaya na Ranar Juma'a: Rebel Wilson da Jaridar Sydney Morning Herald

Da safiyar Alhamis, 9 ga Yuni 2022, Andrew Hornery, mai rubuta shafin tsegumin manyan gari da ake kira Private Sydney a jaridar Sydney Morning Herald ta Ostireliya, ya aika wa wakilan jarumar fina-finan barkwanci Rebel Wilson saƙon imel. Saƙon gajere ne, kuma cikin ladabi aka rubuta shi. Ya ce yana son jin ta bakinta kan sabuwar soyayyar da take ciki, majiyoyi da dama sun tabbatar masa da lamarin, kuma bayanan da ke hannunsa sun ishe shi buga labari. Ya ƙara da cewa a ganinsa labari ne na farin ciki. Sai ya rufe da wa'adi: ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, agogon Sydney.

Wadda Wilson take tare da ita mace ce, mai zanen tufafi a Los Angeles. Har zuwa wannan safiya Wilson, mai shekara 42 a lokacin, ba ta taɓa fitowa fili ta ce tana soyayya da mace ba. A watan Mayu ta shaida wa mujallar People cewa tana cikin sabuwar soyayya, amma ba ta kama suna ba. An kuma gan su tare a wuraren biki, har da liyafar da mujallar Vanity Fair ke shiryawa bayan bikin Oscar a watan Maris. Sai dai ganin mata biyu tare a liyafa ba sanarwa ba ce.

Ba a amsa saƙon ba. Kafin wa'adin ya cika, Wilson ta ɗora hotonsu su biyu a shafinta na Instagram, da ɗan rubutu mai nuna cewa ta daɗe tana zaton yarima take nema, ashe gimbiya ce. Kafofin labarai na duniya suka ɗauka a matsayin sanarwar da ta yi don raɗin kanta. Da Hornery ya yi shiru, da a haka maganar ta tsaya.

Bai yi shiru ba. Ranar Asabar, 11 ga wata, ya rubuta a shafinsa cewa saboda taka-tsantsan da girmamawa ne suka ba ta kwana biyu kafin su buga ko kalma ɗaya, kuma hakan babban kuskure ne, domin ta riga su fitar da labarin. Ya nuna ɓacin ransa da yadda ta yi watsi da tambayoyinsu, har ya yi mata gori da shari'ar da ta taɓa yi da wata mujalla kan rashin bin ƙa'idar aikin jarida. Da wannan rubutu ne jama'a suka san akwai wani imel. Jaridar ce ta tona wa kanta asiri, ba Wilson ba.

Nan take aka yi wa jaridar ca. Ranar Lahadi editanta, Bevan Shields, ya fitar da bayani yana kare ma'aikacinsa: ba su tona asirin kowa ba, tambaya kawai suka yi, da namiji ne saurayin, irin tambayar da za su yi ke nan, kuma shi bai riga ya yanke shawarar bugawa ko rashin bugawa ba. Wilson ta amsa wa wata 'yar jarida a Twitter da layi ɗaya, cewa yanayi ne mai wuya ƙwarai amma tana ƙoƙarin ɗaukarsa da dattako. Ranar Litinin aka cire rubutun Asabar daga intanet, Hornery ya ba da haƙuri, ya kuma buga cikakken saƙon da ya aika. Daga baya Shields ma ya amsa cewa bai kamata a buga rubutun ba, kuma sa wa'adin kuskure ne domin ya yi kama da gargaɗin ƙarshe.

Inda aikin ya karkace

Yawancin masu suka sun fi mayar da hankali kan rubutun Asabar, saboda gatsalin da ke cikinsa. Amma ɓarnar ta riga ta auku tun ranar Alhamis, lokacin da aka danna maɓallin aika saƙo, kafin a buga ko harafi ɗaya.

Jin ta bakin wanda labari ya shafa ginshiƙi ne a aikin jarida, kuma sa wa'adi yana da dalilai masu kyau. Jarida tana da lokacin shiga injin ɗab'i. Mai laifi yakan ja ƙafa da gangan don labari ya mutu. Idan kuma aka je kotu, saƙon shi ne shaidar cewa an ba mutum damar kare kansa. Amma duk wannan tsari an gina shi ne don zargi: kwamishinan da ake tuhuma da cinye kuɗin kwangila, ko kamfanin da ake zargi da sayar da jabun magani. Irin wannan mutum yana da abin yi da kwana biyun da aka ba shi. Zai iya musantawa, ya kawo takardu, ya gyara wani adadi, ko ya nuna cewa majiyar maƙiyinsa ce. Amsarsa tana iya canza labarin, ko ma ta kashe shi.

To me Wilson za ta iya yi da nata wa'adin? Abin da aka tambaye ta gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne a dokar ƙasarta. Ƙofofi huɗu ne a gabanta. Ta amsa, jaridar ta samu labarin da babu mai shi sai ita. Ta musanta, ta zama maƙaryaciya ran da gaskiya ta fito, ƙaryar kuma ta zama sabon labari. Ta yi shiru, a buga tare da jimlar nan da aka saba, cewa an tuntuɓe ta ba ta ce komai ba. Ko kuma ta yi gaggawar faɗa da bakinta. Duk ƙofar da ta bi, asirin ya fita kafin Asabar. Babu ƙofa ta biyar da ke cewa "ki bari sai kin shirya", domin saƙon bai buɗe ta ba. Jimlar da ta rufe ta ita ce wadda ke cewa bayanan hannunsa sun ishe shi bugawa. Duk wani jami'in hulɗa da 'yan jarida da ya karanta wannan ya san ma'anarsa: da ke ko ba ke, labarin zai fita. Tambayar da babu amsar da za ta hana a buga ta, ba neman jin ta baki ba ce, sanarwa ce aka yi mata, ko da wane irin ladabi aka lulluɓe ta.

Ko "kwana biyun" ma ba su cika ba. Daga safiyar Alhamis zuwa ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a bai kai awa 30 ba. Kuma a watan Yuni agogon Sydney yana gaba da na Los Angeles da awa 17, wato saƙon ya sauka can da yammacin Laraba, wa'adin kuma ya ƙare ƙarfe takwas na daren Alhamis. A cikin wannan ɗan taƙin ne mata biyu za su zauna su yi shawara, kowace ta lissafa wanda ya sani da wanda bai sani ba a danginta, su yi ta buga waya. Daga baya Wilson ta shaida wa jaridar The Australian cewa akwai mutanen da ba su samu damar faɗa musu ba kafin maganar ta bazu, kuma a cikin dangin nasu biyu ba kowa ne ya karɓi lamarin hannu biyu ba. Wannan shi ne abin da ɗan jarida ba ya gani daga teburinsa. Mutum ba ya faɗin irin wannan sirri ga kowa a rana ɗaya. Yakan fara da aminai, sai wani ɗan'uwa, sai uwa, wani kuma sai an yi shekaru ana neman bakin zaren yadda za a tunkare shi. Don wasu majiyoyi a masana'antar fim sun sani, ba shi ne ke nuna kakarta ta sani ba.

Akwai kuma mutum ta biyu a cikin labarin. Wilson ta zaɓi sana'ar da ke jawo kyamara, tana kuma cin moriyarta. Abokiyar tata ba jarumar fim ba ce. Duk wata hujja da za a kafa cewa shahararre ya sarayar da wani ɓangare na sirrinsa, ba ta hawa kanta. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi a ɗakin labarai: alaƙa ta mutum biyu ce, ba a tona ɗaya a bar ɗaya.

A lura kuma da wadda aka yi wa wannan. Wilson tana da digirin lauya daga Jami'ar New South Wales. A 2017 ta kayar da kamfanin Bauer Media, mai mujallar Woman's Day, a shari'ar ɓata suna, kotu ta ba ta sama da dalar Ostireliya miliyan 4.5, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin zuwa dubu 600 a 2018. Tana da kuɗi, tana da lauyoyi, ta san hanyar kotu. Duk da haka imel ɗaya ya sa ta gaggawa. Dalili kuwa shi ne dokar ɓata suna tana kare mutum ne daga ƙarya. Idan abin da za a buga gaskiya ne, lauya ba shi da sandar dukan jarida. Abin da ya rage ya tsaya tsakanin mutum da fallasa shi ne hankalin edita.

Hujjojin jaridar

Hujjar Shields mafi ƙarfi ita ce ta daidaito: da namiji ne, haka za su tambaya. Kuma gaskiya ne shafukan tsegumi suna buga soyayyar jarumai kullum, Wilson da kanta ta sha nuna tsohon saurayinta a Instagram. Amma tambaya iri ɗaya ba lallai nauyinta ya zama ɗaya ba. Labarin cewa jaruma ta yi sabon saurayi yana bayyana abu ɗaya ne, sunan mutum. Labarin cewa ta yi budurwa yana bayyana abu na biyu wanda ya fi na farkon girma, wanda zai iya taɓa zumuncinta da iyaye, irin rawar da za a riƙa ba ta a fim, da ƙasashen da za ta iya zuwa hankali kwance. An halatta auren jinsi a Ostireliya a Disamba 2017, bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta gidan waya da kashi 61.6 suka amince. Wato kashi 38.4 sun ce a'a. Waɗannan ba baƙi ba ne daga wata duniya, su ne iyaye da kawunnai da masu ba da aiki. Ɗan jarida ba shi da hanyar sanin ɓangaren da dangin mutum suka faɗa.

Hornery da kansa mai neman jinsi ne, ya kuma faɗi haka a rubutun ban haƙurinsa, cewa ya san zafin wariya kuma ba zai so ya ɗora wa wani ba. Babu dalilin ƙaryata shi. Amma wannan yana nuna wani tarko ne: wanda ya daɗe da fitowa fili, yana zaune cikin mutanen da abin bai dame su ba, shi ne ya fi saurin mantawa cewa wani bai iso inda yake ba. Ya ga labarin farin ciki ne, sai ya yanke wa wata hukuncin cewa ita ma haka za ta gan shi.

Maganar cewa ba a riga an yanke shawarar bugawa ba kuwa, maimakon ta wanke jaridar, ita ce ta nuna gurbin da ke cikin tsarinta. Idan edita bai yanke ba, me ya sa aka bar ma'aikaci ya rubuta wa mutane cewa yana da abin bugawa, har da awa? Wanda ya karɓi saƙon ba ya ganin zuciyar edita, abin da ke rubuce yake gani.

Abin da ya ƙara wa mutanen Sydney zafi shi ne tarihin jaridar kanta. A Yuni 1978 'yan sanda sun kama mutum 53 a jerin gwanon farko na Mardi Gras, na masu neman jinsi, a birnin, lokacin da luwaɗi laifi ne a dokar jihar New South Wales, wadda ba a sauya ba sai 1984. Herald ta buga sunayen waɗanda aka kama, da adireshinsu, da sana'arsu. Wasu suka rasa aiki, wasu aka kore su daga gidan haya, wasu danginsu suka yanke su. Abin da aka buga gaskiya ne, daga takardun kotu aka kwaso, kuma haka aka saba yi a lokacin. Sai a Fabrairu 2016 jaridar ta nemi gafara. Shekara shida kacal bayan haka aka aika wa Wilson saƙon nan.

Ɗaya gefen muhawarar

Ba adalci ba ne a yi kamar masu goyon bayan fallasa ba su da hujja. Sun taso ne daga zamanin da mujallu ke haɗa baki da kamfanonin fim ana sayar wa jama'a ƙarya. A 1955 mujallar Confidential ta shirya tona asirin Rock Hudson, ɗaya daga manyan taurarin Hollywood. Kamar yadda masu rubuta tarihin masana'antar suka ruwaito, wakilinsa Henry Willson ya fanshe shi da sirrin wasu jarumai biyu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa: zaman gidan yarin da Rory Calhoun ya taɓa yi, da kamun da aka yi wa Tab Hunter a wata liyafa a 1950. A Nuwamban shekarar Hudson ya auri sakatariyar Willson, auren ya mutu a 1958. Jama'a ba su san gaskiya ba sai 1985, da ciwon ƙanjamau ya kwantar da shi. Daga nan ne 'yan jarida irin su Michelangelo Signorile, wanda ya buga labarin attajiri Malcolm Forbes a mujallar OutWeek a 1990 makonni kaɗan bayan rasuwarsa, suka ce shirun 'yan jarida ma ƙarya ce, kuma yana koya wa mutane cewa abin kunya ne da ba a ambata.

Amsar wannan ita ce akwai fili mai faɗi tsakanin yin ƙarya da tona asiri. Babu wanda ya tilasta wa jarida ta buga hoton soyayyar bogi da wakilin jarumi ya shirya, ko ta rubuta cewa wane gwauro ne mai jiran matar da ta dace alhali ta san ba haka ba ne. Tana iya ƙin duka biyun: ba ta ƙirƙira, ba ta kuma bankaɗa. Labarin Hudson ma, idan aka duba da kyau, gargaɗi ne ga masu fallasa: da zarar sirrin mutane ya zama hajar da ake musaya a teburin edita, wanda ba shi da gata ne ke biya.

Akwai dai inda sirrin yake zama labari na haƙiƙa. A Nuwamba 2006 aka bayyana alaƙar Ted Haggard, shugaban babbar ƙungiyar majami'un bishara ta Amurka, da wani namiji da yake biya, a daidai lokacin da yake goyon bayan gyaran tsarin mulkin jihar Colorado na hana auren jinsi. Ya sauka daga muƙaminsa. A nan abubuwa uku sun haɗu: mutumin yana da iko a kan jama'a, yana amfani da ikon a kan ainihin wannan batu, kuma abin da yake yi a ɓoye ya saɓa wa abin da yake ɗora wa wasu. Labarin munafunci ne da amanar jagoranci. Cire ɗaya daga ukun, hujjar ta rushe. Wilson ba ta riƙe da muƙami, ba ta yi wa kowa doka ba, ba ta yaudari kowa ba. Mai sayen tikitin fim ɗin barkwanci bai yi asarar komai ba don bai san wadda take so ba.

Yadda ya kamata a bi irin wannan labari

Tsarin yana farawa ne daga ofishin edita, ba daga akwatin imel ba. Kafin a tuntuɓi kowa, ɗan jaridar ya rubuta a jimla ɗaya abin da jama'a za su yi asara idan ba su san wannan ba. Idan abin da ya iya rubutawa shi ne "masu karatu za su so" ko "wata jarida za ta riga mu", a ajiye labarin nan take. Abin da mutane ke sha'awar ji daban, abin da ya shafi maslaharsu daban.

Sai a binciko abin da mutumin ya taɓa faɗa da bakinsa a bainar jama'a: hira, rubutu a shafinsa, jawabi. Hoto, raɗe-raɗi, da "kowa ya sani a masana'antar" ba sa cikin lissafi. Sannan a tambayi dalilin majiya. Masu kawo irin wannan sirri sau da yawa tsohon masoyi ne, ko ma'aikacin da aka sallama, ko mai neman kuɗi. A Yuli 2015 shafin Gawker na Amurka ya buga labarin wani babban jami'in kamfani, magidanci da ba shahararre ba, bisa bayanan mutumin da ya nemi ya matsa masa don biyan wata buƙata bai samu ba. Shafin ya zama shi ne ya cika wa mai barazanar alƙawarinsa. Washegari aka cire labarin, amma sunan ya riga ya zaga duniya.

Idan duk da haka jarida tana son ta kasance wurin da jarumin zai fara magana in ya shirya, akwai hanya. A kira wakilinsa a waya. A ce an ji magana, ba za a buga ba sai da yardarsa, kuma ƙofa a buɗe take duk ran da ya so. A biyo da rubutaccen saƙo mai wannan alƙawari a fili. Ba wa'adi, ba ambaton yawan majiyoyi, ba maganar cewa bayanai sun isa. Wahalar tana zuwa ne daga baya: idan mutumin ya kai labarinsa wata jarida, ko ya sa a Instagram, sai a haɗiye. Hornery ya ji kamar an ƙwace masa wani abu ne, alhali labarin tun asali ba nasa ba ne.

A cikin ɗakin labarai ma a taƙaita masu sani. Daftarin da aka ajiye a rumbun kwamfutar da kowa ke shiga, ko aka jefa a zauren WhatsApp na ma'aikata, ya riga ya fara tafiya. Kuma kada a fake da habaici, wato a ɓoye suna a bar alamomi. A lokacin wasannin Olamfik na Rio a Agusta 2016, wani wakilin shafin labarai na Daily Beast na Amurka ya shiga manhajar haɗuwar maza masu neman maza, ya rubuta labarin 'yan wasan da ya tarar. Bai kama suna ba, amma ya ba da tsayi, nauyi, da ƙasa, waɗanda suka isa a gano mutum cikin mintuna, kuma wasu daga ƙasashen da abin ke da haɗari suka fito. Sai da aka janye labarin gaba ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: idan maƙwabcin mutumin ko abokin aikinsa zai gane shi, an kama suna ke nan.

Idan kuma an riga an yi kuskure, haƙuri ɗaya ake bayarwa, da wuri, daga bakin edita. Herald ta fara da gori, ta biyo da kare kai, sannan ta zo ga ban haƙuri, kowane mataki yana ƙara wa wutar mai.

Inda doka ta bambanta

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa abin da ake magana a kai haramun ne a addininsa, don haka me ya sa za a damu da rufa shi? Ba sai ɗan jarida ya sauya aƙidarsa ba kafin ya ga amsar. Addinin da ya haramta aikin shi ne kuma ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya yi alƙawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa, ya kuma tsananta a kan jifan mutum da alfasha ba tare da shaidu ba. Shafin tsegumi ba kotu ba ne, "majiya mai tushe" kuma ba shaida ba ce.

Sannan sakamakon a wannan nahiya ya wuce ɓacin ran dangi. A Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa. A Yuganda, a Oktoba 2010, wata ƙaramar jarida mai suna Rolling Stone, wadda ba ta da alaƙa da mujallar Amurka, ta buga sunaye da hotunan mutanen da ta ce 'yan luwaɗi ne, da kiran a rataye su. A farkon Janairu 2011 babbar kotu ta ce ta keta musu haƙƙin sirri da mutunci. David Kato, ɗaya daga waɗanda suka kai ƙarar, an kashe shi a gidansa kafin watan ya ƙare. A Kamaru ma, a 2006, jaridu sun buga jerin sunayen manyan mutane da irin wannan zargi, har kotu ta yanke wa mai jaridar L'Anecdote ɗaurin wata huɗu saboda ɓata sunan wani minista. A irin waɗannan wurare zargin kaɗai ya isa ya tara wa mutum gungun matasa a ƙofar gida, ko gaskiya ne ko ƙage, kuma wanda aka yi wa ƙage ba shi da hanyar tabbatar da abin da bai yi ba. Masu shafukan tsegumi a Instagram da TikTok da ke jifan jarumai da mawaƙa da wannan kalma, ko da ta habaici ce, suna riƙe da abin da ya fi na Hornery haɗari nesa ba kusa ba.

Hukuncin majalisar 'yan jarida

A ƙarshen Oktoba 2022 majalisar da ke sa ido kan aikin jarida a Ostireliya ta fitar da matsayarta. Ta ce jaridar ta saɓa wa ƙa'idojinta ta fuska biyu: ta kutsa cikin sirrin da Wilson ke da haƙƙin sa ran za a kiyaye mata, ta kuma buga abin da zai iya jawo ɓacin rai da damuwa mai yawa, ba tare da wata maslahar jama'a da ta kai ta halatta hakan ba. Ta lura cewa batun ba shi da wata alaƙa ta zahiri da ayyukan Wilson na bainar jama'a. Abin da ya fi muhimmanci ga masu wannan sana'a shi ne majalisar ba ta tsaya kan rubutun Asabar kaɗai ba, ta haɗa har da salon yadda jaridar ta tuntuɓi Wilson. Wato saƙon da ɗan jarida ya aika a asirce, kafin a buga komai, shi ma aiki ne da ake auna shi da ma'aunin ƙa'ida.

Majalisar ba ta da ikon cin tara ko sa a biya diyya. Abin da ya hau kan Herald shi ne ta buga hukuncin a shafinta, ta kuwa buga.